JARFA: Ado a fata, ciwo a hanta

Zanen da jarumi ke fitowa da shi a fim, da an tashi daga lokeshin ake goge shi. Na samarin Yauri masu kwaikwayo kuwa da allura ake yi, kuma allurar ba jikin mutum ɗaya ta ke shiga ba.

DUK wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san Deewaar, fim ɗin da darakta Yash Chopra ya fitar a 1975. A ciki ne wasu ma'aikata da su ka fusata da mahaifin Vijay su ka kama yaron, su ka sa aka rubuta masa a hannu wai uban sa ɓarawo ne. Da allura da tawada aka yi rubutun, don haka ya zauna daram. Vijay ya girma, Amitabh Bachchan ya karɓi rol ɗin, ya yi kuɗi, ya sa kwat, amma duk sanda ya naɗe hannun riga sai rubutun nan ya fito ya na kallon sa.

To amma wannan a fim ne. Da darakta ya ce a tashi, mai kwalliya zai zo da auduga ya goge, Amitabh ya tafi gida da hannun sa fes. Tabon da ya bi shi har gida a wani fim ɗin ya same shi, kuma ba a fata ya ke ba. A ranar 26 ga Yuli, 1982, ana ɗaukar wani faɗa na fim ɗin Coolie a birnin Bangalore, ya bugu da gefen tebur, ya ji mummunan rauni a ciki. Aka yi ta ƙara masa jini. Shi da bakin sa ya ce kwalba wajen 60 ce, daga mutane kimanin 200. Ashe a cikin su akwai mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Amitabh ya miƙe, ya koma aiki, ya shekara 18 ya na rawa ya na jibgar bosawa, bai san komai ba. Sai a shekarar 2000, da ya je a duba lafiyar sa kamar yadda ya saba, likitoci su ka ce masa kashi 75 cikin ɗari na hantar sa ya riga ya lalace. A 2015 ya fito ya faɗa wa duniya.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa wannan da Yauri? Abin da ya haɗa su shi ne, ƙwayar cutar da ta shiga jikin Amitabh ta hanyar ƙarin jini ba sai da kwalba guda ta ke shiga ba. Ɗan ɗigon da ido ba ya ko gani a bakin allura ya ishe ta. Kuma wannan allurar ce wasu samari ke miƙa wa damtsen su a Yelwa, da Wara, da Shanga, da ƙauyukan bakin ruwa, don su yi kama da wanda su ka gani a allo.

DAGA ƘWALLON KASHU ZUWA INJI

A zamanin kaset, sai yaro ya biya kuɗin shiga gidan kallo kafin ya ga jarumi mai zane a ƙirji. Yanzu a aljihun sa abin ya ke. Ya buɗe waya ya ga ɗan ƙwallon Ingila da hannu baƙi ƙirin da zane har wuya, ya ga mawaƙin Legas, ya ga Aamir Khan a Ghajini, fim ɗin 2008, jikin sa duk rubutu saboda ba ya iya tuna abin da ya wuce minti 15. Wa zai tsaya ya gaya masa cewa na Aamir Khan fenti ne?

Abin ya kan faro tun ana firamare, da ƙwallon kashu. A fasa shi, a tsoma tsinke a ruwan, a rubuta harafin farko na suna a hannu. Ruwan nan ƙuna ya ke yi. Wurin ya tashi ya yi bororo, ya fashe, ya bar tabo, yaro ya na murna ya yi tambari. Idan aka ƙara girma sai a koma allurar ɗinki. A naɗe bakin ta da zare don ya riƙe tawada, a fasa biro, ko a ƙona roba a kwaɓa tokar, ko a fasa tsohon batir a ɗebi baƙin cikin sa. Sai kuma mai inji, wanda ya ga yadda ake yi a Legas ko Abuja, ko ma a waya kawai ya koya, ya sayi ɗan injin sa ya dawo gida ya zama gwani.

Ko da wanne aka yi, zaman iri ɗaya ne. Ɗaki guda, samari huɗu ko biyar, ana hira ana shewa, musamman idan Sallah ta matso. Na farko ya miƙa hannu ya cije leɓe. Jini ya na tsattsafowa ana share shi da tsumma. Da an gama, mai zane ya ƙyasta ashana ya ɗan haska bakin allurar, ko ya goga ta a auduga mai sifirit, ya ce, “Saura wa?” Idan wani ya nuna shakka a yi masa ca: “Haba malam, ba ga shi ya ƙona ta a gaban ka ba? Ko tsoro ka ke ji?” Da jin kalmar tsoro, shi ke nan, ya nannaɗe riga.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASAR YAURI

Kafin a ɗora wa fim laifin duka, a tuna cewa ƙasar Yauri ta san zanen jiki tun kafin a san majigi. Masarauta ce ta ƙabilu da yawa: Gungawa mutanen tsibirai, da Kambari, da Dukkawa, da Shangawa, da Lopawa, ga Hausawa da Fulani da Sarkawa masunta. Matan Kambari da na Dukkawa sun yi suna wajen ado da zane a fuska da jiki, kuma wanda ya taɓa cin kasuwa a yankin Ngaski ya ga haka da idon sa. Matan Fulani na da jarfar su a gefen baki da goshi. Bahaushe ma ya na da bille, da kalangu, da 'yan baka, da fashin goshi. Zane ne ke faɗin daga inda mutum ya fito tun bai buɗe baki ba. Ko a 1968, da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, an bar gidaje da gonaki a ƙarƙashin ruwa, amma kowa ya tafi da zanen gidan su a fuska.

Mai wannan aiki a wurin Bahaushe shi ne wanzami. Shi ke aski, shi ke kaciya, shi ke cire beli, shi ke ƙaho, shi ke tsagar gado da ta magani. Sana'a ce mai daraja, har da sarautar ta, Sarkin Aska. Sai dai aska ɗaya a zabira ta kan zagaya gidan suna uku a yini guda, kuma babu wanda ya san abin da ta ke ɗauka daga wannan jiki zuwa wancan. Wanzamai da yawa sun farga, su na cewa a sayo sabuwar reza a ɓare a gaban su. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya, ta 2003, a sashe na 24, ta ma hana a yi wa yaro jarfa ko tsaga ɗungurungum. Malamai kuma sun daɗe su na bayanin cewa hadisi ya hana jarfa, mai yi da wanda aka yi wa.

Abin mamakin shi ne, a daidai lokacin da tsagar gado ke ja da baya, har 'yan mata na jin kunyar ta a hoto, sai ga jikokin sun ɗauko wata sabuwa daga waya. Wanzami ko ba komai ya gaji sana'ar, ya san inda jijiya ta ke. Mai allurar ɗinki fa, wa ya koya masa?

ABIN DA KE BAKIN ALLURA

Jarfa ba rubutu ba ce a kan fata, rubutu ce a cikin fata. Fatar sama kullum saɓulewa ta ke yi ta na sabuntawa, shi ya sa lalle ke gogewa cikin mako biyu ko uku. Don zane ya zauna, dole allura ta huda ta wuce, ta ajiye tawada a zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, inda ƙananan hanyoyin jini su ke. Injin zamani ya kan soka daga sau 50 har zuwa 3,000 a minti guda. Wato ɗan zanen zuciya mai kibiya da ake gani a damtse, dubban ƙananan raunuka ne a jere. Duk abin da ke bakin allurar, ya samu ƙofa dubu.

Da an ce allura, tunanin kowa ƙanjamau ya ke tafiya. Gaskiya ne ana iya ɗauka, to amma ba ita ce ta fi kusa ba. Likitoci sun yi lissafi a kan ma'aikatan asibiti da allurar majiyyaci ta soka bisa kuskure. Idan mai ƙanjamau ne, cikin mutum dubu kimanin uku ke kamuwa. Idan mai ciwon hanta nau'in C ne, kimanin biyu cikin ɗari. Idan kuwa nau'in B ne, kuma wanda aka soka bai yi rigakafi ba, abin ya kan kai har 30 cikin ɗari. Sannan ƙwayar B ɗin nan taurin rai gare ta. Ta na iya kwana bakwai a busasshen jini, a jikin reza ko allura ko tsumma, ta na nan da ran ta. Allurar da aka yi aiki da ita ranar Juma'a, aka jefa a gwangwani, aka ɗauko ta Alhamis, ba ta huce ba.

Yanzu a haɗa da yawan masu ita. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018, wanda aka bi gida-gida ana gwada jini, ya nuna cewa cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, kashi 8.1 cikin ɗari na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A maza ma abin ya haura kashi 10. Ƙanjamau kuwa, a wannan binciken, ba ta kai kashi 2 ba. Wato idan samari goma su ka zauna a ɗaki ɗaya su na jiran layi, lissafi na cewa akwai yiwuwar a samu mai ita a cikin su. Kuma ba za a gane shi ba. Ba ramamme ba ne, ba mai tari ba ne. Wataƙila ma shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon unguwa. Shi kan sa bai sani ba, domin da yawa tun su na jarirai su ka samu, daga uwa wajen haihuwa ko daga askar da aka yi masu tsaga.

A nan ne maganar tsagar jarirai ta ke da nauyi. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikin sa ya kan yaƙi cutar ya kore ta, ƙasa da biyar cikin ɗari ne ta ke zaune masu. Wannan ba ya nufin wasa ce: kafin ta fita ta kan kwantar da mutum makonni, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, abin da ake kira shawara, wani kuma hantar ta tsaya cak a rasa shi cikin kwanaki. Jariri kuwa, cikin goma da su ka kamu, tara da ita za su girma. Nau'in C shi kuma ba ruwan sa da shekaru, kimanin bakwai cikin goma ya kan zaune masu, kuma har yau ba shi da rigakafi. Dukkan su biyun aikin su ɗaya: su yi shiru shekara 15, 20, 30, su na cin hanta a hankali har ta ƙanƙance ta taurare, ko ta zama ciwon daji. Sai mutum ya yi aure, ya tara iyali, sannan ciki ya fara kumbura, ƙafa ta haye. A lokacin wa zai tuna da wani daren jajibirin Sallah? Sai a ce sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai, nau'in B da C sun kashe mutum miliyan 1.3, wato kimanin 3,500 kowace rana.

Ashana da sifirit fa? Harshen wutar da aka haska na daƙiƙa biyu ba ya tsabtace allura, balle zaren da aka naɗa mata wanda ya riga ya sha jini. Haka nan masu aski da ke zuba wa kilifa fetur ko kananzir su ƙyasta, ganin ido ne ya fi yawa a ciki. A asibiti, kayan aiki a wata tukunya ta musamman ake turara su, zafin ta ya kai digiri 121, su ɗauki minti 15 ko fiye. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne sabuwar allura a cikin ledar ta, a yi aiki da ita sau ɗaya a jefar.

To amma ga inda ko masu wayon ke faɗawa. Saurayi ya je kemis ya sayo sabuwar allurar sa, ya zo ya na taƙama shi ba a yi masa da ta kowa. Madalla. Sai mai zane ya riƙa tsoma sabuwar allurar a cikin kwalbar tawadar da ya tsoma ta mutum huɗu kafin shi. Duk tsomawa ɗaya, ɗan jini ya koma kwalba. Tawadar ta zama tafkin da kowa ya zuba nasa. Haka tsumman share jini, haka bututun injin da allurar ke ciki, haka hannun mai zanen idan babu safa, haka rezar da aka aske gashin wurin da ita. Inda ake aikin bisa ƙa'ida, ɗan ƙaramin murfi ake zuba wa kowa tasa tawadar, abin da ya rage a zubar.

Kada a ɗauka matsalar ta talaka ce kawai. A 1961 birnin New York na Amurka ya haramta jarfa baki ɗaya, hukuma ta ce saboda ɓarkewar ciwon hanta, kuma ba a ɗage dokar ba sai a 1997. A 2002 'yar fim ɗin Amurka Pamela Anderson ta bayyana cewa ta na da nau'in C, ta ce ta samu ne ta allurar jarfa da su ka yi tarayya da mijin ta na lokacin, kodayake shi ya musanta. Sai a 2015 ta sanar cewa ta warke, bayan fitowar sababbin magunguna.

RUWAN KWARA DA SABON RAUNI

Akwai wata matsala da ta fi shafar ɗan Yauri fiye da ɗan Kano. Sabuwar jarfa buɗaɗɗen ciwo ce, ta na buƙatar mako biyu zuwa huɗu kafin fatar ta rufe, kuma a tsawon wannan lokaci ba a son a jiƙa ta a kogi ko tafki. To ɗan masunci da ke jefa taru tun asuba fa? Ko mai tuƙa kwalekwale, ko mai lodin albasa da buhunan kifi a bakin ruwa, ko ɗan makarantar da wankan kogi ne hutun sa? Ruwan da ake wanki a ciki, shanu su sha, jirage su zubar da baƙin mai, shi ne zai shiga ƙofofin nan dubu. Sai wurin ya ɗau zafi, ya kumbura, ya fara ruwa, kaluluwa ta fito a hammata.

A baƙar fata ba a cika ganin jan da littattafan Turawa ke cewa a duba ba. Abin lura shi ne wurin ya yi zafi idan an taɓa, ya yi sheƙi, kumburin ya na faɗaɗa maimakon ya ragu, ciwon ya na ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku, ko mugunya, ko zazzaɓi. Wannan ba na man zafi ba ne, ba na a fasa kafso a barbaɗa ba ne. Na asibiti ne, a ranar. Idan kuwa muƙamuƙi ya fara riƙewa, wuya ya sandare, to ana maganar sarƙe-haƙora ne, wadda a asibiti ake kira tetanus. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo ta, alhali ƙwayar ta a ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, kuma toka ko baƙin tukunyar da aka kwaɓa a ƙasa na iya ɗauke da ita.

Sai kuma tabon nan mai tudu, wanda likitoci ke kira keloyid. Wasu jikin su haka ya ke, ko kunne aka huda sai nama ya taso ya yi ƙulli, ya na ƙaiƙayi, ya na girma har ya wuce inda raunin ya tsaya. Ya fi yawa ga baƙar fata, ya kan bi jinin gida, kuma wuraren da ya fi so su ne ƙirji, da kafaɗa, da gadon baya. Wato daidai inda samari ke son zane. Idan aka yanke shi ma sau da yawa dawowa ya ke yi, har ya fi na da. Wanda ya san a gidan su akwai mai irin wannan, ya riga ya ga abin da zanen zakin sa zai iya komawa.

'YAN MATA, BA A MANTA DA KU BA

Budurwa za ta ce ita ba ruwan ta, ita zanen fulawa kawai ake mata irin na amaren fim, babu allura babu jini. Jan lalle na gargajiya, wanda ake dakawa a kwaɓa a ƙunsa, ba a cika samun matsala da shi ba, in ban da jarirai, waɗanda bai kamata a shafa masu ba domin akwai masu wata larurar jini ta gado da ya ke iya yi wa illa. Maganar a kan baƙin ce, wato dayis.

Babu ganyen lallen da ke ba da baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da ke yin wannan aikin sinadarin rina gashi ne da ake kira PPD. A Turai, abin da aka yarda a sa a man rina gashi bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba bayan an haɗa, kuma ba a yarda a yi zane da shi a fata ba. A cikin baƙin lalle kuwa an sha gwadawa a samu kashi 15 ko fiye. Wata za ta yi sau goma lafiya lau. Ran da jikin ta ya ƙi, sai bayan kwana huɗu zuwa mako biyu zanen ya tashi, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai yadda aka zana fulawar, ganye-ganye, reshe-reshe. Ya warke ya bar tabo fari ko baƙi na watanni. Amarya ce fa, a makon farko a ɗakin ta.

Mafi muni, jiki ba ya mantawa. Wadda dayis ya taɓa yi wa haka, duk ran da ta sake haɗuwa da sinadarin, ko a man rina gashi ne, borin zai fi na farko. A Ingila wata mata ta rasu a 2012 bayan ta rina gashin ta ta faɗi sumammiya, kuma a binciken da kotu ta yi a 2015 an ji cewa matsalar ta ta tsananta ne tun daga wani zanen baƙin lalle da aka yi mata a Dubai a 2007. Idan bayan dayis fuska ko leɓe su ka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ba a jiran gari ya waye.

Ita ma tawadar kanti ta masu inji ba a gama wanke ta ba. A ƙarshen 2011, a garin Rochester na Amurka, mutum 19 su ka kamu da ciwon fata, aka bincika aka tarar mai shagon na da tsabta, tawadar ce ta zo da ƙwayar cuta tun daga kamfani. A Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a tawadar jarfa. An kuma tabbatar cewa wani ɓangare na tawadar ba ya zama inda aka sa shi, ya kan bi jiki ya taru a kaluluwa. Idan ta kamfani ke nan, sai a auna ta biro da baƙin batir.

IDAN SO YA ƘARE

Yawancin zanen samari suna ne, ko harafin farko na sunan wata. Masu kallon Indiya sun san labarin Deepika Padukone, wadda ta sa aka rubuta mata haruffan sunan Ranbir Kapoor a ƙeya lokacin su na soyayya. Su ka rabu, a 2018 ta auri Ranveer Singh, 'yan jarida su ka shekara da shekaru su na leƙen ƙeyar ta. Ita ta na da kuɗin da za ta yi duk abin da ta ga dama da zanen. Saurayin da aka ba wani budurwar sa a Yelwa fa, ya tafi ɗakin wata da sunan ta farko a ƙirji?

Cire jarfa da na'urar leza ake yi, a manyan birane, zuwa shida ko goma ko fiye, makonni tsakanin kowane zuwa, kuma a baƙar fata ta kan bar wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu. Wanda ba shi da halin wannan sai ya koma ga dutsen guga, ko ruwan batir, ko reza da gishiri. A nan ne ƙaramin zane ke komawa gyambo. Da yawa kuma ba so ne ke kai su ga haka ba, neman aiki ne: sharuɗɗan ɗaukar sojan Nijeriya sun ce kada mai nema ya kasance da jarfa ko rubutu a jiki, kuma a wurin tantancewa tuɓe riga ake yi.

WANDA YA RIGA YA YI FA?

Ba a ce ya zauna ya na zullumi ba. Idan abin bai wuce kwana uku ba, kuma ya san an yi tarayya da allura ko tawada, ya garzaya asibiti ya faɗi gaskiya: akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa cikin awa 72, kuma allurar rigakafin ciwon hanta na taimakawa idan an yi ta da wuri. Idan an daɗe, gwaji ne. Ɗan yatsa ake sokawa, sakamako ya fito cikin kamar minti 20. Sai dai cutar kan ɗauki wata ɗaya zuwa shida kafin ta bayyana, don haka wanda ya gwada da wuri ya ga babu, ya sake komawa bayan wata shida.

Wanda aka samu da nau'in C, yanzu akwai ƙwayoyin da ake sha na mako 8 zuwa 12, kuma fiye da 95 cikin ɗari na warkewa. Nau'in B ba a kai ga maganin da ke fitar da shi kwata-kwata ba, amma akwai irin su tenofovir da ke danne shi su tsare hanta, kuma ba kowa ne ma ke buƙatar fara sha nan take ba, likita ne zai duba ya faɗa. Abin gudu shi ne jarkokin “maganin shawara” na masu lasifika a tasha, domin hantar da ke fama ita ce za ta tace duk abin da aka ɗura mata. Amitabh da kashi 25 na tasa hantar ya ci gaba da fim, har a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta naɗa shi jakadan wayar da kai kan ciwon hanta a yankin su.

Wanda kuma aka gwada ba shi da ita, sai rigakafi. Nijeriya ta sa ta cikin alluran jarirai a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan, ko aka haife shi a gida a wani tsibiri ko rugar da ba a kai shi asibiti ba, da wuya a ce ya samu. Allura uku ce a damtse: ɗaya yau, ɗaya bayan wata guda, ta ƙarshe a wata na shida. Akan yi ta farko a manta da sauran, don haka a rubuta ranar a bayan katin, ko a sa a waya.